Na Wanke Injinka da Toka

Daga Umdurman zuwa Jidda.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta aiki, mu nan sai godiyar Allah. Na san takardar da aka ba matafiyi a wannan zamani ba ta rasa masu buɗe ta a hanya. Duk wanda ya buɗe ya karanta. Babu zancen hukuma a ciki, zancen ƙarfe ne da tsatsa.

Zan fara da laifina, domin shekara uku ke nan ina kewaye shi. Ni na wanke injinka da ruwa da sabulu da toka, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne, ba jahilci kaɗai ya kai hannuna ba. Na taɓa jin ka ce kada ruwa ya kusance shi. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Ba kare kaina nake yi ba, amma ka tuna yadda aka fara. Da aka sallame ku daga aiki da takarda guda, na zaci za ka nemi rumfa a kasuwa kamar sauran mutane. Sai ga ka da azahar kana bin amalanke, jakin da ke jan sa yana haki, ka ɗauko tsohon injin sassaƙa ƙarfe daga unguwar masana'antu ta Mantiƙa Sinaiya, abin da ya girme ni ya girme ka. Maza shida suka shigo da shi, suka ɓalle mini ƙyaure, aka dasa shi a rumfar da nake salla nake kuma toya kisra, gurasarmu ta dawa. Ba ka tambaye ni ba.

Daga nan kowane mako sai ka dawo daga kasuwar Suk al-Shabi da wata gawa: magagarin da haƙoransa suka cinye, guduma ba ƙota, awartaki mai karkataccen baki, gwangwani cike da kusoshi da notina waɗanda babu biyu da suka san juna. In na yi magana sai ka ce, "Hajiya, tsohon ƙarfe ba ya mutuwa, sakaci ke kashe shi."

To me ka ƙera mana? Na'urar shimfiɗa kisra, wadda ta watsa ƙullu har bangon maƙwabta. Na yarda ka gyara famfon unguwa, kuma keken ɗinkin maƙwabciyarmu Batula har yau da ƙarfen da ka sassaƙa masa yake juyi. Amma ni ɓarɓashi na samu. Yana cikin miya, yana cikin wanki, yana kan darduma. Wata asuba na yi sujada, wani ɓarɓashi ya soke ni a goshi, na idar da salla jini na bin hancina. Idan kuwa aka kawo wuta muna tsakiyar cin abinci, sai ka tashi da lomar a baki ka bar ni da akushi.

Saura kwana uku Babbar Salla ka fita neman rago. Na share gida kaf, na iso rumfa, na ga baƙin mai ya daskare a jikin abin nan. Na ce gidan da za a yi layya ba zai kwana da wannan ƙazanta ba. Na dirje shi kamar tukunyar suna, na ɗauraye da bokiti huɗu har ya yi fari. Na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Ya wayi gari ja kamar an ƙunsa masa lalle.

Da ka gan shi, ka ce, "Hajiya, ƙarfe ba tukunya ba ne. Man nan shi ne rigarsa." Sallarka a durƙushe ka yi ta, da kananzir da tsumma. Mutane suna shigowa barka da salla, kana miƙa musu tsintsiyar hannu saboda tafinka baƙi ƙirin.

Da ka yi faɗa, da na ba ka haƙuri. Shirunka ne ya ƙona ni. Maimakon neman gafara, na rantse da Allah cewa hannuna ba zai sake taɓa ƙarafunka ba muddin ina raye. Ka ce, "Allah Ya huci zuciyarki," ka ci gaba da gogewa.

Yau shekara biyu da tafiyarka. Ka lulluɓe injin da buhuna ka tafi. Wasiƙa huɗu ka rubuto, ka tambayi lafiyar kowa har akuya, ba ka taɓa cewa a duba maka inji ba. Wannan ma abin haushi ne, Malam. Ka bar ni ni da rantsuwata, kamar wanda ya rufe mutum biyu a ɗaki ya tafi da makulli.

Daminar bara ta zo da sauƙi. Ta bana kuwa rufin rumfa ya fara yoyo, daidai kan injin. Sau nawa na ce ka toshe wannan huda? Mutumin da ya ce zai iya ƙera komai bai iya liƙe kwano ɗaya ba. Ina zaune ina tilawa, ina jin ɗigo a kan buhu, ina ɓata aya ina komawa baya.

Sai na shiga dabara. Na tura tasa da muciya don ta tare ruwan. Na ɗaure tsumma a bakin muciyar ina goge danshi daga nesa, wai hannuna bai taɓa ba. Ina cikin haka na ga kaina: mace mai shekara hamsin, carbi a wuya, tana yi wa Ubangijinta wayo da muciya. Na ajiye ta, na yi istigfari.

Ba hukuncin ne ya shige mini duhu ba. Ni ce nake koya wa matan unguwa cewa wanda ya rantse, daga baya ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya aikata alherin. To me ya riƙe ni? Na so in kira shi tsoron Allah. Da na bincika sosai, tsoro ne kada ka dawo ka tarar da shi da mai ka yi mini murmushin nan naka.

Makon jiya wani dillalin tsoffin ƙarafa ya zo. Ya ɗaga buhu, ya ce in injin ya ƙara wata guda haka, sai dai a auna shi a kan sikeli. Na sallame shi, amma idona ya riga ya ga jan da ke bin jikinsa. Na tuna kwanakin da aka sallame ka, ba ka ci ba ka magana, ba inda bayanka ke miƙewa sai gaban wannan abu. An ce maka ba a buƙatarka, ka je ka ɗebo duk abin da aka ce ba a buƙata. Na daɗe ban gane ba, kuma ba ka taimake ni na gane ba.

Allah Ya tsare ka a baƙon wuri, Ya sa albarka a hannunka, Ya dawo da kai ka toshe mana rufi. Allah Ya raba ni da girman kan da ke shigar ibada. Amin.

Game da rantsuwa, ban cika ta ba. Ranar Alhamis na yaye buhunan da hannuna, na goge shi da kananzir tun hantsi har la'asar, na shafa masa man da ka bari a galan. Ranar Juma'a na ciyar da miskinai goma a ƙofar masallaci.

Matarka, wadda har yanzu take jin haushinka,
Hajiya