Kuskuren da na gano, aka ɗora mini

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Umma ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da kowa a kan gishiri, kin ga lafiya ta samu ke nan.

Yaya, abin da ke cina zan faɗa miki. Kin san aikina: gwada manhajar nan da muke kira Tafinta, wadda ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Kowa a ofis yana gwada ta a kan manyan tsare-tsaren kwamfuta da duniya ke amfani da su. Ni aka bar wa wani tsari da ba kowa ya san shi ba, da kwamfutoci biyu a lungun da ke kusa da matakala. Shekara bakwai ina wurin, har abokan aiki suna ce mini mai gadin maƙabarta, ina dariya.

Wata biyu da suka wuce na gano sabuwar Tafinta tana cinye lamba ta ƙarshe bayan ɗigo wajen lissafi, a tsarina kaɗai. Sau uku na rubuta rahoto. Shugaban sashenmu ya ce masu wannan tsari ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ba zai tsayar da aiki saboda su ba. Aka fitar da ita. Ashe wani ɗakin gwajin jini da ita yake aiki, a kan wannan tsarin nawa. Sati biyu sakamakonsu yana fita a karkace, sai da aka sake kiran mutum sama da ɗari aka ɗebi jininsu. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba.

A taron da aka kira, shugaban sashen namu ya dubi manya ya ce mai gwaji ce ba ta gano ba. Na buɗe rahotannina a gabansu. Sai ya ce ai ban sa musu jar alamar gaggawa ba. Abokin aikina Dogo, wanda ya karanta su tare da ni har ya riƙe baki, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayi.

Sun yanke a daina tallafa wa tsarin gaba ɗaya. Aka kwashe kwamfutocina, aka mai da ni teburin amsa ƙorafi. Jiya shugabar ɗakin gwajin ta kira, kuma ni na ɗauka. Akwai takardar ban haƙuri da aka ba mu mu riƙa karantawa, mai cewa sakacin ma'aikaciyar gwaji ne, an kuma ɗauki mataki a kanta. Yaya, na karanta mata har ƙarshe. Ta ce Allah Ya isa tsakaninta da wannan ma'aikaciya. Na ce mata mun gode da kira.

Don Allah kada Umma ta ji. Ki sa ni a addu'a, na fara neman wani wurin.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Gwaggo, da 'yan biyu, da takwarata.

Ƙanwarki,
Auta