Akwatin da Kaka Ke Amsa wa Gaisuwa

Saint-Denis, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Mutmainna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu na tafiya, sanyin Lyon bai fara cizonki ba. Nan gida kowa lafiya.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fatou ƙawata ba ta sani ba. Ni ce na karanta Littafin Kiristoci a cikin na'urar ɗaukar magana, da muryata, da Hausa. Kuma na san abin da nake karantawa. Ga shi na rubuta.

Don Allah kada ki kira ni, Maman tana duba portabul ɗina. Kuma kin san ni, a takarda kaɗai nake da baki.

A watan Maris ne. Muna zaune a bibliyotek, ɗakin karatun unguwa, ni da Fatou, ina juya mata wani littafin soyayya daga Faransanci zuwa Hausa a hankali, don mu yi dariya. Sai wani saurayi a teburin baya ya juyo ya ce, "Pardon, ƙanwata, wannan Hausar ta Adar ce?" Sunansa Kamal, ɗan Damagaram, yana karatun haɗa sauti a jami'ar nan. Dogo ne, yana da tabo ƙarami a gira. Na karanta irin wannan haɗuwa sau ɗari a littafi, ban taɓa zaton za ta zo mini ba. Na kasa ɗaga ido daga takalminsa.

Ya ce wata ƙungiya tana neman muryar mace 'yar Tahoua, don a ɗauki labaran annabawa saboda tsofaffi da makafi na ƙauye. Ya ce muryata tana da sanyi kamar ruwan randa. A shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa lura ina da murya.

Laraba shida na yi ina zuwa wani ɗan ɗaki kusa da metro, bangonsa duk soso. Maman ta ɗauka ina bitar bak, jarrabawar gama sakandare. Ranar farko labarin Annabi Yusuf ne. Kin ga na rubuta sunan, amma bakina ba ya iya faɗinsa da ƙarfi, ai sunan Baba ne. Duk inda na iso wurin sai muryata ta faɗi ƙasa. Kamal ya yi ta cewa, "Plus fort, Raliatou! Wane ne zai cinye ki?" Muka maimaita har ya gaji, ya bar shi a haka.

Rana ta biyu na ga labarin bai tafi yadda Malam ya koya mana ba. Na duba ƙasan takardar, na ga sunan littafin a ƙananan haruffa. Na gani sarai, Yaya. Na ɗaga kai, Kamal ya yi mini murmushi ta cikin gilashi ya ɗaga babban yatsa, sai na ci gaba. Na karanta har cikin Linjila. Ba don na bar addinina ba, wallahi, sallata ba ta taɓa wuce ni ba. Don murmushin nan ne kawai. Idan na tuna sai in ji kamar in wanke harshena da sabulu.

Da aka gama ya daina amsa saƙona. Jiya kuwa sai ga shi ya turo: "Félicitations, muryarki ta isa Nijar." An zuba ta a ƙananan akwatuna masu cin hasken rana, ana rabawa a ƙauyuka.

Ki ce mini wani abu, ko zagi ne. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Raliatou


Bron (Lyon), 15 ga Oktoba

Rali,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai gajiyar karatun jami'a. Ki gaishe da iyayenki, Kawu da Tanti, a zuciyarki, tunda wasiƙar ta sirri ce.

Tabo a gira! Ruwan randa! Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Da ina kusa da na fara ja miki kunne kafin in rungume ki. Na yi niyyar in ce miki ki yi istigfari ki manta, Nijar faɗi gare ta, wa zai gane muryar wata yarinyar Saint-Denis?

To, zauna kafin ki buɗe takardar da na naɗe a cikin wannan.

Kin tuna Rahama da muke ɗaki ɗaya, 'yar Maradi, Kirista? Na ba ta labarin ban faɗi suna ba. Sai ta buɗe jakarta, ta ciro wannan takarda mai hoto. Ranar Lahadi aka raba musu a majami'arsu, ana neman taimako don a ƙara sayen akwatunan. Na karɓa ina dariya. Da na ga hoton, dariyar ta tsaya.

Kaka Fatsima ce, Rali. Zaune a bakin ɗakinta, da zanen nan mai ruwan bula da Kawu ya aika mata da salla, ta rungume akwatin a ƙirji, hawaye a fuskarta. Ki karanta abin da suka rubuta a ƙasa da Faransanci. Wai tsohuwa ce makauniya da ta ji Kalmar a harshenta karon farko, ta karɓa da kuka. Ko sunanta ba su sa ba. Kakarmu da tasbaha ta cinye wa yatsu!

Rahama ta ce ita ma abin ya dame ta tun kafin ta san ko wace ce, don a garinsu ba a ɗaukar hoton tsohuwa tana kuka a raba wa baƙi. Zan kira Inna a Tahoua ranar Juma'a in ji me ake ciki a ƙauye, ba tare da na tona ki ba.

Ki ci abinci. Na san ki.

Yayarki,
Mutmainna


Saint-Denis, 21 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwar, ba ni da ƙarfin doguwa.

Na buɗe takardar a cikin metro, layi na sha uku, mutane cunkushe. Sai da na sauka tasha biyu kafin tawa na zauna a kan benci da hoton a hannu. Wata mata ta miƙo mini ruwa. Ina ta tunanin hannaye nawa suka taɓa fuskar Kaka ranar Lahadin nan, nawa suka naɗe ta suka cusa a aljihu tare da tikitin tram, nawa suka jefar.

Na je na sami Kamal a bakin jami'a. Ni da ba na iya tambayar farashin burodi ba tare da na yi gumi ba. Yana cin sandwic, mayonez a gefen bakinsa. Na miƙa masa takardar na ce, "Kakata ce."

Ya duba ya ce, "Ah bon? To ai kin yi sa'a. Muryarki ta je gida kyauta."

Na ce, "Ka ce mini labaran annabawa ne."

Ya ce, "Ba annabawa ba ne a ciki? Kuma kin iya karatu, ƙanwata. Ba ki makance ba."

Nan ne ya fi mini zafi, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Su masu ƙungiyar sun san shekaruna?"

Ya lashe yatsa ya ce, "Akwai takardar izinin uba. Na cika miki, na sa hannu a madadin Alhaji, don kada in wahalar da ke. Maimakon ki ce marsi."

Sa hannun Baba, Yaya. Baba da ke duba kowace takarda sau uku kafin ya sa mata biro, wanda ya ce sunansa shi ne jarinsa a kasuwa. Wani yaro ya zana shi a kan gwiwarsa.

Na tsaya ina kallon tabon nan na gira. Wata bakwai ina ƙirƙira masa labari, wai ya same shi ne wajen ceton wani. Yanzu da na duba da kyau, tabon ƙurji ne kawai. Na dawo gida na tattara littattafaina goma sha ɗaya na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Ba laifinsu ba ne, na sani. Amma ko warin takardarsu ba na son ji yanzu.

Me Gwaggo, Innarki, ta ce? Kaka ta san ni ce? Idan ta sani, gara ki ɓoye mini. A'a, ki faɗa mini.

Raliatou


Bron, 27 ga Oktoba

Ƙanwata Rali,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina fargaba? Na yi magana da Inna, ta je ƙauye da kanta ranar kasuwa. Zan faɗa miki yadda ta faɗa mini, ban ƙara gishiri ba.

Kaka ta sani. Tun minti na farko ta sani.

Baƙi ne suka zo da mota, da tafinta wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Suka kunna akwatin a gindin bishiya. Kaka tana daga gefe sai ta ce, "Ku kawo shi nan." Ta kara a kunne. Da aka iso sunan Kawu muryar ta faɗi ƙasa, sai ta fashe da kuka tana cewa, "Jikata ce! Ɗiyar yaron nan na Faransa ce!" Kin san ita ma ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Baƙin suka ga hawaye suka ɗauki hoto. Ba wanda ya tambayi me take cewa.

Ita a wurinta kaset ne kika aiko. Kin tuna kafin zuwan portabul, Kawu yakan ɗauki magana a kaset ya ba matafiyi ya kai mata? To haka ta ɗauka. Kullum da hantsi sai ta sa a shanya mata akwatin a kan danga ya sha rana, sannan ta kunna. Idan kika yi sallamar farko sai ta amsa, "Lahiya lau, ƙawata, ina sanyi?" Ta ce wa Inna, "Yarinyar ga ta yi tarbiyya. Tana can cikin Nasara amma ba ta kama sunan ubanta da ƙarhi." Ta ce labarin ya ɗan karkace daga yadda ta sani, amma yaran Faransa ne, a yi musu uzuri. Sauran labaran ba ta kai gare su ba, na farkon take ta maimaitawa.

Sai ta ƙara da wata magana, kuma ba zan rage miki ita ba. Ta ce shekara huɗu idan an miƙa miki waya sai ki ce "ina wuni" ki gudu. Wannan ne karon farko da kika zauna kika yi mata hira.

Yanzu ga inda ake. Rahama ta raka ni wurin matar da ke kula da ƙungiyar a nan Lyon, Madam Lina. Da ta ji, ta ce ba su taɓa nufin yaudarar kowa ba, kuma na yarda da ita. Ta dakatar da rabon hoton a majami'arsu nan take. Amma cire shi gaba ɗaya, da cire muryarki daga akwatunan da za a aika nan gaba, sai mai sunan da ke kan takardar izini ya rubuto da kansa cewa ba hannunsa ba ne. Wato Kawu Isufu. Za su sake buga hoton da yawa a farkon Disamba.

Kuma Kaka tana jiran kiransa na ƙarshen wata don ta yi masa godiyar kaset.

Ba zan faɗa masa a madadinki ba. Amma idan kina so, in hau jirgin ƙasa ranar Asabar in zauna kusa da ke.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Mutmainna


Saint-Denis, 30 ga Oktoba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ka dawo daga shago lafiya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Baba, na yi maka ƙarya Laraba shida, na yi wa Maman. Na karanta littafin da ba namu ba a cikin na'ura, ina sane. Wani ya sa hannu da sunanka ba da saninka ba, kuma ni ce na buɗe masa ƙofar. Saboda ni hoton Kaka yana yawo a hannun mutanen da ba su san sunanta ba. Ga hoton nan a ciki, da wasiƙun Yaya Mutmainna guda biyu, da adireshin Madam Lina. Kai kaɗai za ka iya tsayar da abin kafin Disamba.

Ba na roƙon ka sassauta mini. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ƙwace akwatin daga hannun Kaka sai na aika mata wani a madadinsa. Zan zauna in yi mata hira ta gaske, ta awa guda, in ba ta labarin metro da sanyi da abin da na aikata, da bakina.

Na ce wa Yaya kada ta zo. Da farko na yi niyyar in tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofarka in gudu makaranta, kamar yadda na saba gudu. Na fasa. Ina jin motsin kofinka a falo yanzu. Zan naɗe ta, in fito in durƙusa, in miƙa maka da hannu biyu, kuma zan tsaya a wurin har ka gama karantawa.

Ɗiyarka,
Raliatou