Yatsun Auta a Katin Yaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi. Ina rubuto maka ne daga ɗakin tsare matafiya na filin jirgin ƙasar nan da nake zaune, lauyata ce za ta aiko maka. Yau kwanana tara a nan.

Da na sauka, na ɗora yatsuna a kan na'urarsu kamar kullum, sai ga sunanka da hotonka. Ashe bana ƙasarmu ta miƙa musu rajistar katin shaida gaba ɗaya. Ka tuna ranar da muka je yin katinka, na'ura ta ƙi karanta yatsunka saboda walda ta cinye zanen? Ma'aikacin ya ce, "Layi ya yi tsawo, ƙaninka ya danna maka mana." Muka fito muna ta dariya.

Yanzu sun ce ni ɗan damfara ne mai suna biyu. Lauya ta ce sai ka je ofishin kati ka faɗi gaskiya a rubuce, in ba haka ba za su kore ni, kuma ba ni ba shiga ƙasar nan har abada. Matata da 'yarmu suna cikin gari suna jira. Tsoro nake ji, Yaya.

Ka huta lafiya,
Auta

Auta,

Na gaishe ka. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, yau yatsunka ne suka yi suna har ƙasar waje!

To, ga wadda ake ciki. Da wannan katin asibiti ke yi mini wankin ƙoda sau biyu a mako. In na faɗa musu, soke shi za su yi, sabo kuma sai da zanen yatsu, ni ko hannuna sumul kamar gindin cokali. Tun da takardarka ta iso matata take kuka a kicin. Ba ni kwana biyu in yi tunani.

Yayanka

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi ban san haka abin yake ba. Kada ka je, na roƙe ka. Rai ya fi takarda.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Takardarka ta same ni na riga na dawo. Na rubuta, na sa hannu, sun soke katin a gabana. Na ce to su gyara bayanin da suka aika ƙasar da kake. Yarinyar ofishin ta ce abin da ya riga ya ƙetare ba su da iko da shi, mutanen can kuma ba sa karɓar gyara daga nan.

Yanzu a nan babu ni, a can babu kai.

Ranar Alhamis ce wankina. Zan je dai in zauna a bencin asibiti, ko wani zai gane fuskata. Kada ka gaya wa Inna.

Allah ya fisshe ka,
Yayanka