Hannuna Yana Neman Birki a Kan Doki

Malam Abdulgani, don Allah ka taimaka mini da shawara, ko da yake na san in aka jera damuwata da ta sauran masu rubuto maka, tawa abin dariya ce. Lafiyata ƙalau, iyalina lafiya, shagona na kayan gyaran babur a Sabon Gari yana rufa mana asiri. Doki ne ya hana ni sakat, kuma dokin ma ba nawa ba ne.

Na ɗan haura arba'in. Kafin a hana acaɓa a Kano na yi shekaru a kan babur, babu lungun da ban sani ba. A Fagge nake zaune, katanga ɗaya da Baba Sammani, wani dattijo mutumin Barno da ya tsufa a unguwarmu. Yana da wani bidin doki da yake kira Gaidam. Bara ciwon gwiwa ya sauke shi daga sirdi, dokin ya zauna a turke yana ta ƙiba yana tonon ƙasa. Wata rana Baba ya ce ko zan riƙa fita da shi kilisa. Ban taɓa hawa ba, amma na ji kunyar in ce a'a.

Malam, ban san akwai daɗi irin wannan ba. Ran Lahadi da safe, titi babu hayaniya, in ratsa da shi har wani fili ta wajen layin dogo, ina jin ɗuminsa a ƙafafuna. Na iya ɗaura sirdi, na iya tafiya, har sassarfa na koya bayan cinyoyina sun sha wuya. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya same shi kullum tun ina sakandare, kuma shafukan watannin nan sun fi na kowane lokaci fara'a.

Inda na maƙale shi ne ƙaramar sukuwa, wadda ta wuce sassarfa amma ba ta kai gudu sosai ba. Da zarar Gaidam ya ɗaga ya fara lilo da ni, sai in ji na damƙe linzami na ja. Shi kuma ya cilla kai sama ya tsaya cak, in tafi in rungumi wuyansa, likkafa ɗaya tana reto. Ban taɓa faɗuwa ƙasa ba, amma ban taɓa zagaya filin ba. Na canza tsawon likkafa, na canza zama, na gwada da safe, na gwada da yamma. Duk ɗaya.

Cyprian, maƙwabcin shagona, wanda aka haifa a Sabon Gari kuma ya san ni tun ina acaɓa, shi ya gano abin. Ya biyo ta filin bayan ya taso daga coci, ya tsaya ya yi kallo, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce yatsuna birki suke nema, ƙafar damata kuma tana danna likkafa kamar mai taka birkin baya, sai diddigena ya tashi ya zunguri cikin dokin. Wato ƙafa tana cewa tafi, hannu yana cewa tsaya. Ya ƙara da cewa idona a ƙasa yake, ina duba ramuka. Har yanzu in na shigo kasuwa sai ya tambaye ni ko in saya wa Gaidam madubi da hon, akwai masu kyau a wurinsa.

Da a dariya abin ya tsaya da sauƙi. Makon jiya na ga gefen bakin dokin ya yi rauni, kuma na san hannuna ne. Baba Sammani ya gani. Bai ce mini komai ba, ya dai sa aka kawo man kaɗanya ya shafa masa da kansa. Shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Ga kuma babban ɗansa, Abdulhafiz, yana so a kai dokin ƙauye wurin danginsu kafin damina, inda akwai fili da masu hawa. Ya ce dokin da ba ya gudu lalacewa zai yi, kuma ban ga ƙaryarsa ba. Amma Baba a gindin turken nan yake wuni, yana tsince masa harawa yana masa magana da Barbarci. In aka tafi da Gaidam ban san me zai riƙa fito da shi tsakar gida ba. Ya ce wa ɗansa a dakata, wai ina nan ina koyo.

To ina koyon kuwa? Ko dai ƙashin ɗan arba'in ya riga ya bushe a kan babur? In ci gaba ina ɓata bakin dabbar da ba ta yi mini komai ba, ko in je in ce na kasa, a ɗauke wa tsoho abokin hirarsa?

Mai Sirdin Aro, Fagge

*

Mai Sirdin Aro, sannu da ƙoƙari. Wanda ya lura da rauni a bakin doki har ya hana shi sukuni, bai kasa ba tukuna.

Abdulhafiz yana da gaskiya, doki yana bukatar ya saki ƙafa. Kai ma kana da gaskiya, ba a koyo da bakin dabba. Amma zaɓin bai tsaya ga biyun nan da ka lissafa ba.

Da farko, a ajiye linzami sai bakin ya warke. Ka riƙa jansa da ragama, igiyar kai da ba ta shiga baki, kuna zagayawa. In ya warke ku sami gwanin mahayi mai sanyin hannu ya riƙa motsa shi sau ɗaya a mako. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma zai kwantar wa Abdulhafiz da hankali ya ƙara muku lokaci.

Sannan ka je ka zauna gaban Baba Sammani ka gaya masa abin da Cyprian ya gani. Ina zaton shirunsa ba fushi ba ne, jira yake ka tambaya. Gwiwa ce ta tsufa, ba ido ba. Ka ɗauko shi a adaidaita sahu har filin, ka kafa masa kujera a inuwa. A ɗaura wa dokin doguwar igiya, wani mai ƙarfi da ya saba da doki ya riƙe daga tsakiya, Gaidam yana kewayawa, Baba yana ba shi umarni da muryar da ya sani. Kai kuwa babu komai a hannunka sai geza ko gaban sirdi. Hannun da bai riƙe linzami ba ba shi da abin ja.

Ka zauna a miƙe, kafaɗa a baya kaɗan, diddige a ƙasa. Ka ɗaga kai ka dubi wata bishiya can nesa, ramuka aikin dokin ne, ya fi ka ganinsu. In ya ɗaga, ka fitar da numfashi ka bar ƙugunka ya bi lilon. Taku kaɗan ya isa, a koma tafiya, a sake. Ba zan ce maka mako biyu ko wata guda ba, jikin da ya daɗe a kan babur ba ya mantuwa da wuri. In damina ta zo ka ga har yanzu da saura, ka faɗa wa uban da ɗan gaskiya, su yanke.

Ka tuna fasinjan da ya fi ba ka wahala lokacin acaɓa, wanda yake sandarewa a bayanka, ka karkata dama ya karkata hagu. Na san sau da yawa ka waiwaya ka ce masa ya saki jiki, ba za ka kayar da shi ba. Abin da Gaidam yake gaya maka ke nan duk lokacin da ya cilla kai. Ka yi zamanin direba, yanzu ka koyi zaman fasinja.

Allah ya ba Baba Sammani lafiya, ya warkar da bakin Gaidam, ya sa ka zagaya filin nan dattijon yana kallo daga kujerarsa.

Malam Abdulgani