Wa Ya Fara Kawo Gem Nasarawa?

Nasarawa, Kaduna
Lahadi

Zuwa ga Benson, mijin ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata yara suna lafiya. Kai kam ba sai na tambaya ba, tun da na ji muryarka a rediyo jiya tana zuba kamar famfon da ya lalace.

Lambarka ba ta cikin wayata, kuma ba na son ta shiga, shi ya sa na ba matarka Charity wannan takarda bayan sujada ta kai maka.

Na ji ka gaya wa mai shirin wai kai ne ka fara buɗe gidan gem, inda yara ke buga wasan talabijin, a Nasarawa a 1992. Haba Benson! Ko tsoron Allah babu? Ni ne na ajiye aikin masaƙa, na hau mota har Legas, na dawo da akwatin gem a kan cinyata don kada ya bugu. A ɗakina aka kunna shi, da talabijin ɗina baƙi da fari, da batirin mota in an ɗauke wuta. Yaran ma'aikatan kamfanonin Kudenda suna layi har bakin kwata. Kai a lokacin mene ne kai? Mai fenti. Allo ɗaya ka zana mini, shi ma ƙarya ce zalla: soja mai ƙirji kamar buhun masara, alhali a cikin wasan bai fi ƙwayar wake ba.

Yanzu na ji kamfanin lemo zai yi talla da wanda ya fara, za a kafa hotonsa da sunansa a babban allo kusa da gada. Sai ga ka ka yi tsalle ka dire a gaba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Ban gina gida ba, ban sayi mota ba, wannan kaɗai na yi a garin nan da za a tuna ni da shi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ka koma ka gaya musu gaskiya.

Ka huta lafiya,
Filibus

*

Kamazou
Laraba

Yaya Filibus,

Barka da war haka, ya gida, ya jikin tsufa? Charity ta miƙo mini takardarka da yatsu biyu kamar mai ɗauke da garwashi. Na karanta, na yi dariya har da tari.

Yaya, ɗauko kaya daga Legas ai ko kwandasta yana yi. Ka manta akwatin ya yi kwanaki a ɗakinka ba mai leƙowa sai kajin maƙwabta? Iyaye suna cewa abin yana ƙona talabijin, wata dattijuwa a coci ta ce ta ga aljanu suna tsalle a ciki. Kai kuma kana zaune a bakin ƙofa da fuskar nan taka wadda ko mai neman ruwa ba zai tsaya ba.

Ni na zana sojan. Ni na rubuta a ƙasansa da jan fenti: WASA DUBU TARA A KASET ƊAYA. Na sani wasa biyar ne suke ta maimaita kansu, to wane yaro ne ya zauna ya ƙirga? Waɗanda suka ƙera abin ma haka suke yi a kwalayensu, hoton jirgi yana aman wuta, ka kunna ka ga ɗigo yana bin ɗigo. Ni na ɗaura lasifika a keke na zagaya unguwa har muryata ta dushe. Ranar ce gidan gem ya buɗe. Kafin nan ɗakin gwauro ne da talabijin.

Amma mu bar wannan. Yarinyar kamfanin, Jessica, tana son a ga akwatin yana aiki a gaban kyamara ranar Asabar mai zuwa. Ka ara mini shi, in dai ɓeraye ba su gama da wayoyin ba. In an ba ni lokaci zan ambace ka.

Naka cikin ladabi,
Benson

*

Nasarawa
Alhamis

Benson,

Mun tashi lafiya, ina fata ku ma haka.

Aro? Ko inuwar akwatin ba za ka ɗauka ba. Ni da kaina zan kawo shi, in ajiye a gabanka, in ce kunna mu gani. Ko ramin da ake sa kaset ba ka sani ba.

Ka ce ɓeraye. Tun ranar da na rufe shagon, kowace Lahadi in na dawo daga coci sai na warware kaset ɗin daga zani, in hura masa iska sau da yawa yadda muke yi da, in mai da shi. Ban taɓa fashi ba, ko ranar da aka sallame ni daga asibiti. Ban kunna shi ba ne don kada ya gaji. Abin da aka kula da shi haka ba ya kunyata mai shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai mun haɗu Asabar.

Filibus

*

Kamazou
Juma'a

Yaya Filibus,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san wace irin lafiya zan tambaya ba. Wata guda ke nan na yi shiru don Charity ta roƙe ni, amma yau dole in yi magana.

Ranar Asabar ɗin ka zo da kwat ɗin aurenka, ka ture ni gefe, ka hura kaset, ka sa. Duhu. Ka cire, ka sake hurawa har jijiyar wuyanka ta tashi. Duhu. Mai gyaran da suka kira ya haska ciki da tocilan waya ya ce danshin bakinka ya cinye haƙoran kaset ɗin, duk sun yi kore. Shekara da shekaru kana kashe shi kana cewa kulawa ce. Dukanmu mun yi huri a zamaninmu, amma kai kaɗai ka mai da shi ibada.

Ka fita ba sallama, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Yaran kyamara suna ta tafi, wai wannan hurin shi suka fi tunawa a duk ƙuruciyarsu. Ni kuwa na zauna na ba su tarihi tiryan-tiryan, ko kalma ɗaya ba su ɗauka ba.

Jiya aka kafa allon. Ka je gada ka gani. Fuskarka ce kana hura kaset, ta cika allon, kumatu a kumbure kamar na kwaɗo, ido a waje. A ƙasa kuma an rubuta BENSON da manyan baƙaƙe, don sunan da suke da shi ke nan. Tun safe 'yan uwana na Kafanchan suke kira suna tambaya wace cuta ce ta kama ni. Ni da nake gyara gashin baki kullum! Wannan cin mutunci ne, kuma ba zan haɗiye ba.

Kai ba suna, ni ba fuska. Ka shirya Litinin mu je tare mu sa su sauke shi. Ba sai ka yi mini magana a mota ba.

Naka,
Benson

*

Nasarawa
Lahadi

Benson,

Na gaishe ka, ka gai da yara.

Kada ka taɓa allon nan. Tun jiya ɗakina bai huta ba. Yaran da suke yi mini layi a da, yanzu ƙatti masu sanƙo da tumbi, suke ta sallama: Derrick da ke tuƙa tirela, Tony wanda yanzu fasto ne, har Tagwai sun taso daga Abuja su biyu. Suka zauna a ƙasa yadda suke zama da, kowa ya roƙa in ba shi mataccen kaset ɗin ya hura. Na yi kuka, ba na ɓoye maka.

Na tambaye su ko sun karanta sunan da ke ƙasan hoton. Suka dubi juna, suka ce, "Baba, da ma akwai suna?"

Ka huta lafiya,
Filibus