Sabobina da Teburin Inna

Litinin, 6 ga Janairu
Inna ta kira daga tsibirin Penghu, tambayar dai ita ce ta kowace shekara: zan zo cin abincin jajibirin sabuwar shekararmu ta gargajiya a ƙarshen watan nan? Na ce sai na gani. Ta ce ta kusa casa'in, in ci gaba da gani. Wa zan bar wa sabobi, manyan kwamfutocin ƙungiyar masu kiwon kifi? Su ke karɓar awon iskar ruwa daga tafkunan kifin Pingtung, su gargaɗi masu kiwo. In suka tsaya cikin sanyi, kifin mutane ya mutu, ni za a nuna da yatsa.

Laraba, 8 ga Janairu
Manaja Tsai ya haɗa ni da Hsiao Pei-lan, wadda ta baro babban kamfani a Taipei ta dawo gida. Wai za ta saka manhajar da za ta riƙa sa wa sabobin ido a madadina. An taɓa kawo wata ƙatuwa, ta cinye ƙarfin tsofaffin injinan har suka riƙa nishi. Na gaya mata haka da gatse. Ko a jikinta. Ta jawo kujera ta ce in faɗa mata halin kowanne.

Juma'a, 10 ga Janairu
Kwana biyu tana tambaya, ba ta taɓa komai ba. Ban saba ganin haka ba.

Talata, 14 ga Janairu
Ta saka. 'Yar mitsitsiya ce, ta kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta, kamar sauran abin da ke kan injinanmu. Na duba ko sun yi nauyi, ko alama. Umarnin da ta rubuta gajeru ne, kowane layi da bayaninsa a gefe saboda wanda zai zo bayanta. Aiki tsaf, kamar ɗinkin hannu. Na ji kishi, ba ƙarya, amma matar nan ta iya.

Alhamis, 16 ga Janairu
Yau ta kusa sa zuciyata ta buga. Da rana tsaka ta kashe manhajar karɓar awo da gangan. Kafin in gama tashi daga kujera wayata ta yi ƙara, saƙo ya ce abu ya tsaya, an tayar da shi, ya dawo. Na yi mata faɗa sosai. Ta bari na huce, sannan ta ce, "Yaya Liao, gara ya faɗi a gabanka yau da ya faɗi kana cikin jirgi." Wa ya ce mata zan hau jirgi? Aikin Tsai ne, bakinsa ba ya riƙe magana.

Litinin, 20 ga Janairu
Na same ta tana jujjuya korayen ledojin kwalamar masara da nake ɗorawa a kan kowace saba. Na ɗaure fuska, ina jiran dariya. Kowa dai a sana'armu ya san camfin: kore ake sawa don fitilu su zauna kore, ba a ci, ba a barin wadda ta lalace. Ashe kwanan watan lalacewarsu take kwafewa. Ta saka su cikin manhajar, tare da zafin inji da cikar ma'aji, don ta tuna mini kafin lokaci ya wuce.
Na ce, "Ke ma kin yarda da abin nan?"
Ta ce, "A Taipei wani ya ci tamu, sabobi suka tsaya, ban je gida ba sai washegari. Ba na jayayya da kwalama."
Na yi dariya har da tari. Ta ɗauki abin da nake tsoro da muhimmanci, duka, har wanda nake jin kunyar faɗa. Wannan ya fi burge ni a kan iya aikinta.

Alhamis, 23 ga Janairu
Na sayi tikiti. Ana iya mayarwa, na tambaya.

Litinin, 27 ga Janairu
An ce sanyi na tafe. Na koma ofis da jakata a hannu da niyyar fasawa. Pei-lan ta nuna mini allon, komai kore, ta ce saƙo zai zo wayarta da tawa, kuma gidanta na bayan ofis. Ta karɓe makullin ɗakin sabobin daga hannuna. Na bari ta karɓa.

Laraba, 29 ga Janairu
Inna ta rame fiye da yadda ƙanwata ke faɗa. Jiya ita ta cire mini ƙaya daga kifi da hannunta, ni da furfurata. Ta yi ta kallona ina ci. Da safen nan ƙanwata ta miƙo mini wayata, wai a aljihun rigar sanyi ta tsince ta, a mace. Tun yaushe, ban sani ba. Na sa ta a caji. Zan kunna in Inna ta gama labarin da take ba ni.