Sunan Ɗan Fari

Unguwar Yelwa, Garwa
Ranar Asabar

Zuwa ga Yayana Alhaji Mas'udu, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Bilki da yara duka. Allah ya ba ka lafiyar gwiwar nan da kake raina wa kana hawa benen sito da ita, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku da ruwan garin nan naku da bai san rani ba. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Inna ta ji sauƙin tarin, har ta koma faɗa da masu tallan kifin Binuwai, ka kuwa san in ta fara wannan to ta warke. Ƙanwarmu Nafisatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Hibatullahi. Hancinta irin na gidanmu ne sak, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne, in na kira ka, kafin in gama jan numfashi ka ce in bar maka komai, ni kuma in ce to, don haka na saba tun muna yara. Takarda kuwa ba a katse ta. Na ba Mahamat direban da ke kai maka kaya, ya ce in Allah ya yarda Talata tana hannunka. Ka karanta ta kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe.

Maganar Ɗanmalam ce. Ka san ɗan fari ne, kuma sunan Baba aka sa masa, shi ya sa shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa cewa ɗana a gaban mutane ba. Ko ranar da ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, mata suka cika gidan nan da guɗa, ni ina madafa ina yi kamar ban san abin da ake ciki ba. Haka aka koya mana, haka na riƙe. Tun rasuwar mahaifinsa kai ne bakina a kan duk abin da ya shafe shi. Da ya ce kiwo da likitancin dabbobi yake so, kai ka zaɓa masa ƙaramar jami'ar nan ta kuɗi da ke Maruwa a kan hanyar Mora, saboda ɗanka Aƙilu yana shekarar ƙarshe a can. A zauren Inna ka kama hannunsa ka sa a hannun Aƙilu ka ce ga amana. Har dariya muka yi da Aƙilu ya ce ai taubashinsa ne, sai ya wanke masa takalmi shekara guda. Na kwana da farin ciki ranar, don Aƙilu a bayana ya yi shekara uku lokacin jinyar mahaifiyarsa, ni na yaye shi da kunun gyaɗa.

Bari in faɗa maka abin da ya faru kamar ba ka sani ba. A makarantar suna da wata al'ada da suke kira bizutaj, wato tsofaffin ɗalibai su wahalar da sababbi a makon farko, wai maraba ce. Kowane sabo ana ba shi babba da zai zama kamar ubangidansa, Aƙilu kuwa shi ya karɓi Ɗanmalam. Sun aske musu rabin kai, sun sa su kukan jaki a bakin aji, sun sa su gaida bijimin makaranta da rusunawa kowace safiya. Duk wannan yaron yana ba ni labari a waya yana dariya, ni ma na ɗauka shirmen samari ne. Ranar ƙarshe, Asabar da azahar, sai a kai su ramin siminti da ake wankan shanu, a tura su ciki ɗaya bayan ɗaya. A da, wai sai an kwashe ruwan maganin kaska tas, a zuba ruwan rijiya da taɓo. Bana manyan suka yi ƙyuya, suka ƙara ruwa a kan na ciki kawai.

Na farko a layi wani yaro ne Léandre, ɗan manoman auduga daga Touboro. Ya tsaya a bakin ramin ya ƙi shiga, ya ce warin ba na ruwa ba ne. Ɗanmalam ne a bayansa, kuma hannun Ɗanmalam ne ya tura shi, wannan ba zan ɓoye ba, ko shi bai ɓoye ba. Yaron ya nutse da ido buɗe, ya sha ruwan, ya taso yana ihu. Masu kallo suka watse, Ɗanmalam ya faɗa ramin ya ciccibo shi, shi ya sa har yau fatar hannuwansa ke saɓulewa. Léandre ya kwana goma sha ɗaya a asibiti, kuma likita ya ce idonsa na hagu sai dai addu'a. Na sa Nafisatu ta nemo mini lambar uwarsa, Madam Gisèle, muka yi magana da Fillancinmu na kasuwa. Matar nan ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi ɗanta ya gaya mata wanda ya tura shi yana kuka ya tura shi, kuma akwai wani babba a baya da ke daka masa tsawa da yaren da shi ba ya ji.

Da takardar kira ta zo cewa za a zauna konsey, wato majalisar ladabtarwa, an rubuta a ciki uwa ko uba na iya zuwa su tsaya wa ɗalibi. Na riƙe takardar nan a rumfata har aka yi la'asar ina juya ta. Zuciyata ta ce in je, kunya ta ce ina aka taɓa ganin uwa ta tsallake gari ta je tana kare ɗan fari a gaban maza. Sai na kira ka. Ka ce kada in motsa, ba girmana ba ne, Aƙilu shi ne wakilin ɗalibai, yana da kujera a teburin, ba abin da zai sami ƙaninsa yana zaune. Har godiya na yi maka, Yaya, na ce Allah ya bar zumunci. Kwana biyu bayan haka yaron ya sauka a tasha da katifarsa a naɗe. Sun kore shi kora ta har abada, sun kuma rubuta dalili a takardunsa, ta yadda duk makarantar da ya nufa sai ta gani.

Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce ƙaddara ce. Na sake tambaya, ya sunkuyar da kai. Wani abokinsa ne da ya tsaya shaida ya gaya wa Nafisatu cewa sau uku shugaban majalisar yana tambayarsa wa ya ba shi umarni, sau uku yana kallon ƙasa. Wata malama ta ce ya ɗago ya dube su in yana da gaskiya, ya kasa. Su a wurinsu mai gaskiya ido cikin ido yake magana, mu kuwa tun yana rarrafe nake ƙwaɓarsa in ya tsura wa babba ido. Tarbiyyar da na yi alfahari da ita, ita suka rubuta a matsayin taurin kai da rashin nadama. Wannan kason laifina ne, na ɗauka.

Sai ranar Laraba wata maƙwabciyar rumfata ta miƙo mini waya, ta ce ko na ga bidiyon da ke yawo. An ɗauke shi daga gefe, fuskar mai tsawar ba ta fito ba, amma murya ta fito. Da Hausa yake cewa ya tura shi, in ba haka ba shi za a jefa sau biyu, kuma sai an ba da labari a gida cewa ɗan Goggo Aminatu matsoraci ne. Yaya, muryar da ta yi shekara uku tana kuka a bayana ba sai an nuna mini fuska ba. Na zauna a kan dilar atamfa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, ashe an kunna wannan bidiyon a majalisar. Malaman duk mutanen kudu ne, ba mai jin Hausa a teburin sai mutum ɗaya. Suka juya suka tambayi wakilin ɗalibai me ake faɗa, ya ce ihu ne kawai irin na masu kallo, ba wata magana a ciki. Ɗanmalam yana tsaye yana ji. Da aka zo ɗaga hannu a kan kora, abokin nasa ya ce ta taga ya ga hannun Aƙilu a sama.

Na kira Aƙilu a daren, a'a, ƙarya nake yi, sai da na kwana na yi sallar asuba don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Ya ce wallahi wasan taubasai ne, shi bai san ba a kwashe maganin ba. Na yarda bai sani ba. Wasan taubasai na san shi, mu ma mun yi da 'ya'yan Kawu, an ɓoye mini takalmi ranar kamu, an zuba mini barkono a fura. Amma ban taɓa jin taubashin da ya tsaya a gaban hukuma ya ɗaga hannu a kori ɗan'uwansa ba. Na tambaye shi wannan, sai ya ce in tambayi Abba, wato kai.

Ban so in fahimci abin da yake nufi ba. Jiya Juma'a, da yaron ya tafi masallaci ya bar wayarsa a kan tabarma, na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe ta. Allah ya yafe mini. Na sami saƙon muryarka na yammacin jajibirin majalisa, minti huɗu, awa ɗaya bayan ka ce mini kada in motsa. Ka ce masa Aƙilu saura wata bakwai ya karɓi takardarsa, shi kuwa sabo ne, iyakaci su dakatar da shi mako biyu. Ka ce ƙanin kirki ba ya tona wansa a gaban bare. Ka ce kada ya gaya mini saboda hawan jinina. Sannan ka ce ya tuna sunan wa yake ɗauke da shi. A nan ne na kashe wayar na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da mahaifinsa. Ka san ba zan je ba, don ka san kunyar da aka raine mu da ita. Ka san ba zai yi magana ba, don ka san yadda na raine shi. Abin da muka fi daraja a gidanmu shi ka ɗauka ka ɗaure mu da shi, ni da marayan da ka kama hannunsa a zauren Inna. Na ji ciwo, Yaya, kuma ba zan yi maka karar cewa ban ji ba.

Ban ce ba ka son yaron ba. Na san tsoro ne ya kama ka, kuma na san ba ka zaci kora ba. Amma yau kwana tara da yanke hukunci, ba ka kira ba ko sau ɗaya. Yaron yana nan, ba ya fita sai masallaci, ga farar rigar aikin da na ɗinka masa a rataye, ko sau ɗaya bai sa ta ba. Shekaranjiya na ji shi yana tambayar wani ɗan acaba nawa ake ba da babur haya. Bai taɓa ambaton sunanka da mugun abu ba, har yanzu in an ce Kawu sai ya gyara zama.

Dokar makarantar ta ba da kwana goma sha biyar a ɗaukaka ƙara, Juma'a mai zuwa ƙofar za ta rufe. Magatakardan ya ce in aka kawo sabuwar shaida za a sake zama, kuma wanda ya fito da kansa ya faɗi gaskiya ba a yi masa hukunci ɗaya da wanda aka tono. Ba na neman a wanke Ɗanmalam, hannunsa ya tura, ya ɗauki nasa, kuma ni da shi za mu je Touboro mu durƙusa wa uwar yaron nan ko me aka yanke. Abin da nake nema ka kira ɗanka, kamar yadda ka kira nawa, ka ce ya je ya faɗi abin da ya faɗa a bakin ramin. Watakila ya rasa shekara guda. Ɗanmalam kuwa rayuwarsa ce gaba ɗaya.

Ranar Alhamis zan hau motar farko zuwa Maruwa. In na tarar Aƙilu ya riga ni shiga ofishin, zan rungume shi, maganar saƙonka kuma ta mutu tsakanina da kai, ko Inna ba za ta ji ba. In ban tarar ba, wayar yaron tana jakata, zan kuma nemi tafintan da ba ɗan gidanmu ba. Ko ta yaya, wannan karon zan tsaya a gaban mutanen nan, in dube su ido cikin ido, in faɗi sunan yaron da bakina, in ce ni na haife shi.

Ka gaida mini Hajiya Bilki, ka ce turaren da ta aiko ya iso. Ka gaida Nasiha da maigidanta da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo da babbar sallah, na ce mata ban sani ba. Nafisatu da jaririya suna gaisuwa. Aƙilu kuwa ba sai na ba ka saƙo ba, zan gan shi da kaina. Allah ya sa mu gama lafiya, ya ba Léandre idonsa, ya bar mu 'yan'uwa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Aminatu, uwar Mahfuzu.